Hamada, ambaliya da gonar gado: muhawara a zaure

Auwalu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani saƙo ne yake ta yawo tun jiya. Wai masana sun tabbatar nan da shekara goma hamada za ta cinye Katsina da Kano da Jigawa, damina za ta daina zuwa, duk mai gona ya sayar tun tana da daraja. Ni dai hankalina ya tashi, don muna da gonar gado a wajen Kazaure, kuma yayyena sun fara maganar a sayar a raba kuɗin kowa ya kama sana'a. Masu ilimi a cikinmu, ina gaskiyar maganar?

Alhaji Ɗanladi: Wa alaikumus salam. Auwalu, in sun matsa sai sun sayar, turo min lambar babban yayanku. Ka bincika da kyau, wanda ya rubuta saƙon nan dillalin filaye ne. Tun muna firamare ake cewa hamada ta taho, har yau ko Daura ba ta iso ba. Wannan sauyin yanayi duk shirin Turawa ne. Sun ƙona kwal da fetur sun yi arziki, yanzu da muka ce za mu taɓa namu sai suka ce duniya za ta ƙone.

Malama Hadiza: Auwalu, kwantar da hankalinka ƙanena. Duba saƙon: wane masani? Wace jami'a, wace hukuma? Babu suna ko ɗaya. Adadin da jami'ai suka fi ambatawa a Najeriya shi ne hamada tana gangarowa kilomita 0.6 a shekara. Ko ka karɓe shi yadda yake, shekara goma kilomita shida ke nan. To ina Kano ina kilomita shida daga bakin rairayi? Ga shi kuma hamada ba tafiya take a jere ba. Ƙasa ce take mutuwa tsilla-tsilla, inda aka sare itatuwa, aka nome ta ba hutu ba taki. Akwai wuraren da tuddan rairayi suke binne gonaki da gaske, irin su Yusufari da Yunusari a Yobe, wannan ba wasa ba ne ga mutanen wurin. Amma hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna yawancin yankin Sahel ya fi kore a yanzu in an kwatanta da shekarun 1980.

Alhaji kuma, da girmamawa, rabin maganarka zan karɓa in mayar maka da rabi. Wanda ya fara lissafin cewa ƙona kwal zai ɗumama duniya wani masani ne ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, a 1896. Lokacin ko haɗe Kudu da Arewa ba a yi ba, balle a haƙo mai a Oloibiri a 1956. Ba don a hana mu arziki aka ƙirƙiro maganar ba. Iskar kabon da ke sama kamar bargo take, tana barin zafin rana ya shigo, tana rage wanda zai fita. Kafin zamanin masana'antu ita ce kashi 280 cikin miliyan na iska, yanzu ta haura 420. Hukumar yanayi ta duniya ta ce 2024 ita ce shekara mafi zafi tun da aka fara aunawa, ta ɗara matsakaicin zafin 1850 zuwa 1900 da kimanin digiri ɗaya da rabi.

Alhaji Ɗanladi: Digiri ɗaya da rabi? Malama, a kan wannan ake ta tayar mana da hankali? Tsakanin safe da azahar a Kano ai ana samun bambancin digiri goma.

Malama Hadiza: Matsakaici ne na duniya baki ɗaya, har da teku, dare da rana, shekara guda cur. Kafin a motsa wannan adadin da digiri ɗaya sai an tara zafi mai yawan gaske. Kuma mu da muke zaune a inda zafi ya riga ya kai arba'in da ɗoriya a Afrilu, ƙarin kaɗan ne yake tura mutum asibiti.

Kawu Sale: Jikana ne yake rubuta min. Ina gaida kowa. Auwalu ɗana, fari ba yau aka fara ba. Mahaifina ya ba mu labarin Kakalaba, yunwar 1914, da mutane suka riƙa tonon gidan tururuwa suna neman hatsi. Ni da idona na ga 1973, na ga 1984. A 1984 mun shuka, ya fito, ya ƙone, mun sake, ya ƙone. Shanu suna mutuwa a bakin hanya ba mai tsayawa ya feɗe. Duk wanda ya ga wannan ba zai ce yau ne ruwa ya yi ƙaranci ba. Ruwa yanzu ya fi na wancan lokacin.

Amma Alhaji, kai ɗan kasuwa ne, bari manomi ya gaya maka. Wani abu ya canza. Da can ruwa yana zuwa da hankali, a yi yayyafi wuni guda ƙasa ta sha ta ƙoshi. Yanzu sai ya ɗauke sati biyu ko uku tsakiyar damina, gero ya fara naɗe ganye, sannan ya zo dare ɗaya ya zubar da na wata guda, ya kwashe taki da ƙasar sama ya kai rafi. Ruwan shuka ma ya koyi yaudara: ya sauka ka zuba iri, ya tafi ya bar ka. Lissafin taurarin da muka gada, da shi muke sanin lokacin shuka da lokacin da ruwa zai zauna, yanzu yana yawan saɓawa. Sai kuma dare. Da in bazara ta yi, bayan isha'i iska takan sanyaya a kwana a tsakar gida. Yanzu har asuba bango yana hucin zafi.

Malama Hadiza: Kawu, Allah ya ƙara lafiya. Abin da ka gani a gona shi ne abin da na'ura ta auna. A 2017 wasu masu bincike suka buga sakamakon nazarin hotunan tauraron ɗan Adam na shekara 35, suka gano manyan hadura masu zubar da ruwa da ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Dalili biyu ne. Iska in ta ƙara zafi da digiri ɗaya tana ɗaukar ƙarin tururin ruwa kusan kashi bakwai cikin ɗari, in ta tashi saukewa sai ta sauke da yawa. Sannan Sahara tana zafafa fiye da ƙasashen da ke kudu da mu, wannan bambancin yana ƙara wa hadari ƙarfi. Shi ya sa saƙon da aka turo wa Auwalu ya yi kuskure har ta fuskar abin tsoron. Barazanar da ta fi kusa da mu ita ce ruwa mai yawa a lokaci guda, da ɗaukewarsa a tsakiya, da zafi. Ba ƙarewar damina ba.

Farin 1973 da 1984 ma akwai abin mamaki a cikinsa. Masana da dama suna ganin hayaƙin masana'antun Turai da Amurka na wancan lokacin, mai ɗauke da farar wuta, ya sanyaya arewacin tekun Atlantika, sai damina ta kasa hawowa arewa yadda ta saba. Da suka kafa dokokin tsabtace iskarsu, yana cikin abubuwan da suka taimaka ruwa ya dawo.

Alhaji Ɗanladi: To ashe dai su ne! Malama kin zagayo kin dawo gidana.

Malama Hadiza: Alhaji ka ce ƙarya suke yi, ni na ce gaskiya ne kuma hayaƙinsu ya fi yawa a ciki. Gidan ba ɗaya ba ne.

Sani Direba: Ni dai duk wannan turanci ne. Zunubi ne ya yi yawa. An daina fitar da zakka, ana tauye mudu, ana cin amana. A tuba ruwa zai daidaita. Allah ke saukar da ruwa, ba na'ura ba.

Malam Nasiru: Malam Sani, babu musulmin da zai yi jayayya da cewa Allah ke saukar da ruwa, kuma tuba wajibi ne ko da fari ko babu. Amma Allah yana gudanar da abubuwa da sababi. A Suratur Rum, aya ta 41, an ce ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Wanda ya toshe magudanar ruwa da gini, da wanda ya ci kuɗin gyaran madatsa, su ma zunubi suka yi, tubarsu kuwa ba ta cika sai an rushe ginin an dawo da kuɗin. Ka tuna Annabi Yusuf, alaihis salam. Da aka sanar da shi shekara bakwai na fari suna tafe, bai ce a sayar da gonaki a gudu ba, bai kuma ce a zauna a jira ba. Cewa ya yi a noma, a bar hatsin a zangarniyarsa, a ci kaɗan a ajiye saura. Mu yi sallar roƙon ruwa, mu kuma yashe kwata.

Sani Direba: Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma a fara da masu tauye mudu.

Ya Falmata: Ku da kuke muhawara daga nesa, mu a Maiduguri a jikinmu muka ji. Daren 9 ga Satumba 2024, wayewar 10, ruwa ya shigo mana muna barci. Gwange, Fori, Kasuwar Monday, har fadar Shehu. Katangar gidan yari ta faɗi fursunoni sama da 270 suka fita, dabbobin gidan zoo wasu suka mutu wasu ruwa ya tafi da su. Mun kwana a kan titi da yara ba mu san inda sauran dangi suke ba. Wanda ya ce babu abin da ya canza ya zo ya faɗa a Gwange.

Hajiya Uwani: Allah ya kiyaye gaba, 'yar'uwa. Allah ya mayar da alheri.

Injiniya Kabiru: Amin. Yaya Falmata, ina tare da ke, amma a nan ne nake so mu yi taka-tsantsan, don akwai masu jin daɗin a ce sauyin yanayi a yi shiru. Damina ta yi ƙarfi a 2024, babu musu. A Nijar ma sama da mutum 300 suka rasu, har tsohon masallacin Damagaram na ƙasa ya rushe. Amma abin da ya shiga Maiduguri ruwan madatsar Alau ne, wadda aka gina a shekarun 1980 a kan kogin Ngadda, kuma ta taɓa cin garin a 1994. Shekara talatin tsakani. Madatsa aba ce da ake dubawa, a yashe yashin da ya taru, a gyara inda ya tsage, a saki ruwa da lissafi kafin ta cika. Wannan ba aikin sama ba ne.

Haka ambaliyar 2022, wadda ta kashe sama da mutum 600 ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu. Masu bincike sun tabbatar ɗumamar duniya ta ƙara wa ruwan shekarar ƙarfi sosai, amma su ɗin dai suka ce gine-gine a hanyar ruwa da rashin shiri sun ƙara ɓarnar. Duk shekara in Kamaru ta buɗe madatsar Lagdo sai mu yi ta kuka. Tun 1982 aka gama Lagdo, mu kuma aka ce za mu gina Dasin Hausa a Adamawa ta tare ruwan. Har yau babu ita. Ku dawo cikin birnin Kano: ina kududdufan da muka taso muka gani? An cike su an yi shaguna da gidaje. Da can nan ruwan unguwa yake taruwa. Yanzu ina zai je in ba ɗakin mutane ba?

Alhaji Ɗanladi: Injiniya ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Kwatar layin shagona leda ce da robar lemo tun daga farko har ƙarshe.

Injiniya Kabiru: Haka fadamun Haɗeja da Nguru. Mutane suna cewa yanayi ne ya kashe kamun kifi da noman shinkafar ambaliya. Yana da hannu, amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tsarin zuwan ruwan ya canza. Da yakan malalo da damina ya janye da rani, yanzu ana sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara, shi ne ciyawar kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ya nutse wani ya bushe. In ba a ware wanne ne daga sama wanne ne daga hannunmu ba, maganin da za a kawo ba zai dace da cutar ba.

Auwalu: To Tafkin Chadi fa? An ce ya ƙafe da kashi 90 cikin ɗari.

Malama Hadiza: Ya ragu ƙwarai, daga kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na haka a tsakiyar shekarun 1980. Amma a lokacin farin nan ne raguwar ta faru. Tun daga shekarun 1990 ba ci gaba da ƙafewa yake ba, yana cika yana janyewa gwargwadon ruwan kogin Chari da Logone. Tafki ne marar zurfi, ƙaramin canji sai ya motsa gaɓarsa da nisa. Abin da ya fi hana mutanen Baga kamun kifi a shekarun nan rashin tsaro ne.

Nas Rabi: Ni ta wajen zafi zan yi magana, don shi ba ya rushe gida a ɗauka a hoto, shiru yake kisa. A ranar 3 ga Afrilu 2024 garin Kayes a Mali ya kai digiri 48.5, ga azumi, ga rashin wuta. Asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 a kwana huɗu na farkon watan, da yawansu tsofaffi. Mu ma a nan duk bazara muna ganin tsofaffi da masu hawan jini da ciwon suga ana kawo su a galabaice. Don Allah mai ciwon da likita ya ce ya sha azumi ya sha, addini ya ba shi dama. A dinga tura wa tsofaffi ruwa ko ba su nema ba, don ƙishirwa ba ta cika damunsu ba sai jiki ya bushe. Kada a rufe jariri cikin zannuwa a ɗakin kwano da rana. Masu gini kuma, ɗakin bulo da kwano ba silin ba taga ta biyu, tanda kuka gina wa iyalinku. Kakanninmu da suka yi soro da katanga mai kauri ba rashin wayewa ba ne.

Hajiya Uwani: Nas, Allah ya biya. Amma ni ina da ƙorafi a kan masu cewa a daina girki da itace da gawayi. Ni abinci nake sayarwa. Na koma gas da murnata, ido ya huta da hayaƙi, sai kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi. Tukunyar wake a kan gas, ina ribar? Na dawo gawayi. Kullum a rediyo mace mai murhu ce mai laifi. Buhunan gawayin da tireloli suke fita da su fa, ni na sare dajin?

Alhaji Ɗanladi: Yauwa Hajiya! Ga shi a Neja Delta dare da rana ana ƙona gas a banza a sama, mace a Kano ba ta iya sayen kilo biyu. Malama, ki faɗa mana gaskiya, nawa ne rabon Afirka a hayaƙin nan?

Malama Hadiza: Bai kai kashi huɗu cikin ɗari ba, nahiyar gaba ɗaya. Sin ce kan gaba a yanzu, in kuma aka tara tun farko Amurka ce. A wannan kam Alhaji ba mu da saɓani. A Kopenhagen a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin ba ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020 don tinkarar sauyin yanayi, ba su cika a kan lokaci ba, kuma kaso mai yawa bashi ne. A Masar a 2022 aka amince da asusun biyan asara, abin da aka zuba a ciki bai taka kara ya karya ba. A Baku a 2024 aka ce biliyan 300 a shekara nan da 2035. Amurka kuma a 2025 ta sake sanar da ficewa daga yarjejeniyar Faris ta rage ɗumamar duniya. Mai neman hujjar jin haushi ya samu. Sai dai ko murhun Hajiya duk an kashe su yau, zafin duniya ba zai ji ba. Dalilin da zai sa mu damu da itace namu ne na gida: huhun Hajiya, da ƙasar gonar Kawu da iska take kwashewa in babu itatuwa.

Buba: Kuna ta maganar gona ba wanda ya tuna da makiyayi. Ana cewa fari ne ya kora mu kudu. Ba fari kaɗai ba ne. Burtalin da kakana ya bi yau gona ce, mashayar an kewaye ta da lambu, makiyayar an yanka filaye. Saniya ba ta tashi sama.

Sani Direba: Sai ku dinga shiga gonar mutane ke nan? Buba kar ka sa in yi magana.

Buba: Yi maganarka Sani. Wanda ya yi ɓarna a kama shi ya biya, ban kare shi ba. Amma wanda ya nome burtali wa ya kama shi?

Shugaban Zaure: Jama'a a yi haƙuri. Buba da Sani duk kun faɗi abin da yake faruwa. A ƙidayar 1963 mu miliyan 55 ne da ɗoriya, yau mun haura miliyan 200, ƙasar kuwa ba ta ƙaru ba. Wannan muhawara ce ta wata rana, za mu ba ta lokacinta. A koma kan tambayar yaron nan.

Auwalu: Na gode ranka ya daɗe. To yanzu me zan gaya wa yayyena? Gonar ba ta ba da abin da take bayarwa lokacin Baba, wannan gaskiya ne.

Kawu Sale: Ka tambaye su yaushe rabon da a kai mata takin gida. Mahaifinku yana da shanu, yana kai toka da shara duk rani. In sayarwa za su yi don buƙata, wannan shawararku ce ta gida. Amma kar a sayar don tsoron saƙon waya. Sannan ku canza iri. Ni na rage maiwa da dawa mai daɗewa, na ƙara gero SOSAT da gyaɗa SAMNUT 24, wata uku sun isa gida. Ina haɗawa da wake irin na Samaru da ƙuduji ba ya kamawa sosai. Ban zubar da irin gado ba, ina shuka shi a gefe, don in damina ta yi tsawo shi ne mai kara da yawa, dabbobi su samu. Kada ka zuba komai a ruwan farko, jira ƙasa ta jiƙu ta kai tsawon hannu.

Malama Hadiza: A ƙara da hasashen NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya. Duk farkon shekara suna fitar da lokacin da ake sa ran damina za ta kama da lokacin ɗaukewarta, jiha-jiha, da inda ake tsoron ruwa zai yanke a tsakiya, kuma ana fassara shi da Hausa. Hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna ita ma tana fitar da jerin wuraren da ke cikin haɗarin ambaliya.

Kawu Sale: 'Yata, hasashen nan wani lokaci ya faɗa daidai, wani lokaci a ce ruwa a ga rana.

Malama Hadiza: Haka ne Kawu, yiwuwa suke faɗa ba tabbas ba, kuma hadarin Sahel yakan jiƙa wannan ƙauye ya tsallake na kusa. A haɗa shi da idon manomi.

Isuhu Maraɗi: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Tun ɗazu ina karatu, yanzu an zo wurin da nike da abin cewa. Mu nan yunwar 1984 El Buhari muke ce mata, don lokacin ne anka rufe iyaka hatsi ya daina shigowa. Lokacin in ka tsaya a gona wajen Maraɗi kana hangen ƙauye na gaba, ba icce ko ɗaya. Iska ta taso ta binne shuka da rairayi, sai an sake. Turawa sun kawo kuɗi an yi ta dashen icce, mafi yawa sunka mutu.

Sai wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki nan, a 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da muke sarewa duk shekara in muna sassabe ba ciyawa ba ne. Kututturan itatuwan da anka sare ne, saiwarsu na da rai a ƙasa, ta yi zurfi ta kai ga laima. Ba sai ka dasa ba, ba sai ka yi ban ruwa ba. Ka zaɓi rassa masu ƙarfi a kan kututture, ka cire saura, ka bar su su tashi. Shi ne muke kira sassaben zamani. Farko mutane dariya sunka yi, wai gonar malalaci ce mai datti. Lokacin yunwa an haɗa shi da rabon abinci, da rabon ya ƙare da yawa sunka sare nasu. Waɗanda sunka bari kuwa sai ga icce na girki a gona, ga ganye na dabbobi, ga hatsi ya fi kyau don iska ba ta binne shi. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Yau ana lissafin kusan hekta miliyan biyar da itatuwa kusan miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 an ba shi lambar yabo ta duniya tare da Yacouba Sawadogo na Burkina, mai gyaran ƙasa da ramukan zai, ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa da taki, waɗanda mu muke ce wa tassa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne doka. Da can icce na gwamnati ne ko a gonarka yake, in ka taɓa shi jami'an daji su ci ka tara. To wa zai raini abin da ba nashi ba? Sai da anka sassauta, manomi ya tabbata iccen nashi ne, sannan abin ya bazu.

Injiniya Kabiru: Wannan ita ce maganar. Mu a nan duk damina sai a yi bikin dashen itatuwa, babban mutum ya dasa ɗaya a ɗauki hoto, bayan sati akuya ta gama da sauran. Shirin Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti kusan kilomita 8,000, jihohinmu 11 suna ciki, shi ma da layin dashe aka fara tunaninsa. Daga baya aka gane irin aikin mutanen Maraɗi ya fi tsira, aka karkata can.

Kawu Sale: Malam Isuhu, ai gawo mun san shi tun kakanni. Da damina ya zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi ganye ya ba dabba inuwa da 'ya'ya. Geron gindin gawo ko makaho ya shafa ya san ya fi. Mu muka sare su da hannunmu lokacin da aka ce gonar zamani sai ta zama fili fetal don garmar shanu da tarakta. Amma gaya min, rassa nawa ake bari, kuma wane lokaci?

Isuhu Maraɗi: Baba, daga uku zuwa biyar a kututture guda, waɗanda sunka fi miƙewa. Ka sassabe ƙananan rassan gefe har rabin tsawon sandar, kar ka wuce, in ka tsiraita ta iska na karya ta. Lauje ko adda mai kaifi, kuma ka yi sara daga ƙasa zuwa sama don kar ɓawon ya tsage. Da rani kafin shuka ya fi sauƙi, sannan ka sake zagayawa bayan 'yan watanni, don sababbin tsirrai za su fito. Kalgo, sabara, gawo, magarya, aduwa, duk suna yi. Kowace shekara kana iya yanke sanda ɗaya ka yi amfani da ita, wata ta maye.

Alhaji Ɗanladi: To in ka raina shekara uku, wani ya zo da dare ya sare ya kai kasuwa fa? Ko shanun su Buba su karya?

Isuhu Maraɗi: Alhaji, wannan ita ce babbar matsala, mutum ɗaya ba ya iyawa. A Ɗan Saga, wajen Agye, kwamiti sunka kafa na gari, da maza da mata da makiyaya a ciki, da tara ga wanda anka kama yana sata. Ana ɗaura tsumma ja a sandar don kowa ya san rainonta ake.

Buba: In za a sa makiyayi a kwamitin tun ranar farko, ba sai an yi ɓarna a kira shi ba, ni zan kawo muku Arɗon yankinmu da kaina. 'Ya'yan gawo da rani sun fi mana dusa. Amma a rubuta a takarda a gaban Dagaci cewa bayan an kwashe amfani za a bar mu mu shiga, kuma burtalin da ya bi ta gabas da gari a buɗe shi.

Kawu Sale: Burtalin gabas mutum huɗu ne suka nome shi, biyu 'ya'yan ƙanena ne. Bari in fara da su kafin a je gaban Dagaci. Isuhu, ka ɗauko min hoton yadda ake saran nan a waya, jikana ya nuna min.